Ɗigon da Bai Fito Ba

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da buga tafireta a wata makarantar sakandare, har sunansa ya ɓace. Ɗalibai Malam Tafireta suke ce masa a gaban idonsa, a bayan idonsa kuwa Tafireta zalla. Abokan aiki ma suka ɗauka. Matarsa ce kaɗai ta ƙi, ta ce ita ba inji ta aura ba.

Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti. Tebur goma sha takwas ne a ciki, kowanne da tafireta lulluɓe da ƙyalle. Shi yake sa musu mai, shi yake canza musu ribon ɗin tawada, kuma ya san wadda harafin "k" ɗinta yake maƙalewa da wadda ƙararrawarta ta daina kaɗawa.

Wata Litinin, farkon shekarar karatu, shugabar makarantar ta aika aka kira shi ofis. Ta tura masa wani ƙunshin takardu da aka ɗinke da zare.

"Malam, an cire buga tafireta daga manhaja. An sa ilimin kwamfuta a madadinsa. Kai za ka ɗauka."

"Ranki ya daɗe, ni fa ban taɓa kunna ta ba."

"Ai duk madannai ne. Kai da ka ƙware a wancan, wannan wasa ne a wurinka."

"To ina kwamfutocin?"

"Suna hanya," in ji ta, tana jawo wani fayil.

Ƙunshin nan shi ne jagoran malami, shafi ɗari da arba'in. Fotokwafin fotokwafi ne, rubutun ƙanana, wani wurin ya dusashe, wani wurin baƙin inji ya yayyafa masa ɗige-ɗige kamar an barbaɗa toka. Rabin farko bayanin sassan kwamfuta ne. Rabin na biyu kuwa yadda ake rubuta mata umarni, layi bayan layi, da wani harshe nata na musamman, har ta yi aikin da ake so.

Da farko tsoro ne ya sa shi karatu, don kada yara su ƙure shi. Idan an tashi makaranta sai ya zauna a ɗakinsa da fensir da gilashinsa a kan hanci, ya yi ta bin misalan. Bai ankara ba abin ya shiga ransa. Shekara ashirin da shida yana koya wa yara su kwafi abin da wani ya rubuta ba kuskure, yau ga darasin da ake tambayar mutum shi kansa yaya zai warware matsala. Ran da ya gane yadda ake sa inji ya maimaita aiki sau ɗari da layi uku kacal, ya koma gida yana murmushi shi kaɗai. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ƙarin girma aka yi maka ne?" Ya zauna zai yi mata bayani, ta saurara na minti biyu, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Tunda babu kwamfuta, sai ya mai da yaran kwamfuta. Ɗaya ya tsaya a tsakiyar aji, sauran su ba shi umarni ya je bakin ƙofa, kuma ba shi da izinin yin tunanin kansa. In sun manta ba su ce ya tsaya ba, sai ya tafi ya dafe bango da goshi, aji ya ɗauki dariya. Daga nan ya yaye ƙyallen tafiretocin. Duk umarnin da suka tsara a littafi, sai sun buga shi tsaf a takarda. Alamar da tafireta ba ta da ita su cika da biro. Shi kuma ya kwashe takardun, ya bi su layi-layi da jan biro, yana yin aikin da injin zai yi.

A ajin akwai wata yarinya 'yar tela, gajeriya, mai zama a layin gaba saboda idonta. Donme ake kiranta, don ba a gama faɗin abu ba ta ce "Don me?" ba. Malamai da yawa sun gaji da ita. Shi kam ita ce take sa shi komawa ga ƙunshin takardunsa. A zango na biyu ta kawo masa shafi huɗu da ba shi ya sa ta ba. Ta tsara umarnin da zai jera wa mahaifiyarta ɗinkunan mutane bisa ranar da aka yi alkawarin karɓa, ya kuma nuna mata ranar da ta ɗauki aikin da ya fi ƙarfinta. Ya bi shafukan sau uku bai sami abin ja ba. Ya rubuta goma bisa goma, ya ce mata, "Ke kam wannan ne karatunki. Kada ki bari kowa ya karkatar da ke." Bayan sati ɗaya mahaifiyar ta zo har makaranta, da awon ɗinki rataye a wuya, ta yi masa godiya. Ta ce yarinyar ta canza abin da za ta nema a jami'a saboda maganarsa.

A ƙarshen shekarar kwamfutocin suka iso. Wata ƙungiya ce mai tallafa wa ilimin kwamfuta a makarantu ta kawo guda ashirin. Aka share wani ɗaki, aka rataya ƙyalle mai rubutu, aka jera su a kan tebura. Aka zaunar da yaransa a gaba, hannuwansu a kan madannai, mai hoto yana cewa su dubi gilashin su yi murmushi. Gilashin baƙi ƙirin, domin soket ɗaya ne a ɗakin, shi ma ya ƙone tun da daɗewa. Jawo wayar lantarki aikin makaranta ne, makaranta ta ce ta rubuta wa ofishin ilimi, ofishin ya ce takardar tana kan tebur. Da baƙi suka tafi aka mayar da kowace cikin kwalinta saboda ƙura, shugaba ta sa makullin a jakarta.

Amma ƙungiyar ta zo da wani abu da ya fi masa kwamfutocin: bita ta mako shida ga malami ɗaya daga kowace makaranta, da kwamfutar hannu ta kyauta. Ya karɓi fam ɗin ya cike shi da rubutunsa mai kyau. Jami'ar ƙungiyar, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta fari, ta karanta har ta zo kan shekarun haihuwa, sai ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ƙa'idar ta ce kada a wuce arba'in."

"Ni ne nake koyar da darasin, 'yata. Babu wani."

"Na sani, Baba, kuma wallahi na ga ƙoƙarinka. Masu ba da tallafin ne suke son wanda zai daɗe yana aiki, abin ya amfani yara da yawa. Ba daga wurina ba ne."

Shekararsa hamsin da biyar a lokacin. Don kada gurbin ya tafi a banza, shugaba ta sa sunan malamin labarin ƙasa, wani saurayi mai son turare da ake kira Ɗan Gayu. Ba mugu ba ne. Kafin ya tafi ya zo har ɗakin tafireta ya ce, "Baba, duk abin da na koyo naka ne. Ina dawowa za mu zauna."

Ya dawo da takardar shaida da kwamfutar hannun cikin jaka mai kyau a kafaɗa. Malam Tafireta ya tare shi a ɗakin malamai, da shafukan Donme a hannu.

"Ɗan aron awa ɗaya nake so. In ga abin nan yana aiki ko sau ɗaya ne."

"Ba caji yau, Baba. Gobe in Allah ya kai mu."

Gobe ta zo ya manta ta a gida. Wani makon ƙaninsa ya ara. Wani makon yana makin jarrabawa. Malam Tafireta mutum ne mai kunyar maimaita roƙo, sai ya riƙa barin kwana goma tsakani. Ya taɓa gwada shagon da ake buga takardu a bakin titi, yaron shagon ya ce nasu na buga wasiƙa da cire hoto ne, maigidansa ya hana a ɗora musu wani abu. Kafin zangon ya ƙare Ɗan Gayu ya sami aiki a wani kamfanin sadarwa da takardar shaidar nan. Ya bi ɗakin malamai yana sallama da kowa, ya rungume Malam Tafireta, ya ce zai turo masa littattafai. Jakar ta tafi da shi.

Haka aka shiga shekara ta biyu, ta jarrabawar fita. Yara ashirin da uku suka yi rajistar darasin, mafi yawa saboda shi. Jarrabawar kashi biyu ce, ta rubutu da ta aiki a kan kwamfuta, kuma wanda ya faɗi ɗaya ya faɗi duka. Ta aikin a wata babbar kwaleji aka shirya ta, tafiyar minti arba'in a bas. Ya sami hoton madannan kwamfuta ya zana a allo, ya nuna musu inda kowace alama take. Ya yi ta gargaɗinsu cewa wannan ba tafireta ba ce, kada su doke ta kamar masu fasa dutse.

Ranar jarrabawar da safe suka isa da wuri. Aka karɓi jakunkuna da littattafai a bakin ƙofa, yaransa suka tara nasu a gefensa. Ƙarfe tara aka rufe ƙofar zauren, malaman da suka rako ɗalibai suka zauna a benci a baranda. Kusa da shi wata malama ce daga wata makaranta, mai fara'a, da irin jakar Ɗan Gayu a cinya. Suka gaisa. Da ta ji yadda yake koyarwa, ta ce ba ta yarda ba sai ta gani. Ya zaro littafin Donme daga tarin ya miƙa mata, yana jin daɗi a ransa.

Ta buɗe tana gyaɗa kai. "Wannan yarinya tana da ƙwaƙwalwa. Dubi yadda ta raba aikin." Ta juya shafi, ta sake juyawa. Sai ta daina gyaɗa kai. Ta koma baya, ta kai littafin kusa da idonta.

"Malam, a ƙarshen layin sharaɗi, wannan aya ce take sawa?"

"Aya ce. Haka yake a jagora."

"Ruwa biyu ne, Malam. Ɗigo biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ko dai ita ce take mantawa?"

Ya buɗe jakarsa ya fito da ƙunshin takardun, wanda gefunansa suka yi laushi don juyawa. Suka duƙa a kai tare. A yawancin shafukan ɗigon sama bai fito ba. A wasu yana nan, dishi-dishi, cikin sauran ɗige-ɗigen da injin fotokwafi ya watsa. Ya tuna ran da Donme ta kawo masa ƙunshin ta ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikinsu ta ce, "Malam, don me nan guda biyu ne?" Ya ce mata dattin inji ne. Har ya kankare shi da farce ya nuna mata.

"Duka haka ka koya musu?" in ji malamar, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara biyu."

Ta buɗe kwamfutarta, ta kwafi layi shida daga littafin yadda suke, ta danna. Wani jan rubutu ya fito. Ta goge ayar ta sa ruwa biyu, ta sake dannawa. Nan take sunayen ɗinkuna suka jeru bisa ranakunsu, daidai yadda yarinyar ta tsara, babu ko ɗaya da ya kauce. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya ga abin da yake koyarwa yana aiki.

Ya miƙe ya nufi ƙofar zauren. Mai sa ido a jarrabawar ya fito ya tare shi.

"Lafiya, Baba?"

"Kalma biyu zan faɗa wa yarana. Kuskurena ne, ba nasu ba."

"Kana so a soke musu jarrabawar gaba ɗaya, a sa sunan makarantarku a rahoto? Koma ka zauna, don girman Allah."

Ta gilashin ƙofar yana hango bayan kawunansu, a layi biyu na gefen taga. Sun yi saurin bugawa, yatsunsu sun fi na kowa gudu a zauren. Sai ya ga hannuwan suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya goge komai ya sake bugawa daga farko. Wata ta ɗaga hannu, mai sa ido ya je ya duba, ya girgiza kai, ya wuce. Wani ya fara dukan madannan da ƙarfi, yadda ake yi wa tafireta in harafi ya maƙale.

Ya dawo benci. Malamar ta ce, don ta kwantar masa da hankali, "Jan rubutun nan yana nuna layin da matsalar take. Duk wanda ya saba da shi zai gano."

"Ba su taɓa ganinsa ba," ya ce. "Ni ne nake duba musu, kuma ni ban taɓa ja a wurin ba."

Ta rufe kwamfutarta. Saura awa ɗaya da minti arba'in a tashi, suka zauna a nan suna jira.

A bas ɗin komawa yaran suka cika shi da ƙorafi. Lalatattun kwamfutoci aka ba su. An ware wa 'yan manyan makarantu masu kyau. Duk abin da suka buga daidai ne, sun duba sau biyar, injin ne ya ƙi. Suka ce lallai Malam ya rubuta takardar koke. Ya buɗe baki, ya ga fuskokinsu, ya ce, "Za a duba." Donme tana kujerar baya, kanta jingine da taga, ba ta sa baki ba.

Washegari ya sami shugaba ya gaya mata komai. Ta cire gilashinta ta murza ido.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Wata malama, ba ta nan ba ce."

"To ya tsaya a nan. In iyaye suka ji, ba kai kaɗai za su ci ba, har da ni da makarantar. Yaran sun ce inji ne, bar su a kan inji."

Ya bar su. Wata biyu yana ɗauke da abin. Ya rame har wandonsa ya fara zamewa, matarsa ta ƙara wa bel ɗinsa huda. Ita kaɗai ya gaya wa. Ta ce, "Wanda ya ba ka takardar da ba ta karantuwa fa? Wanda ya kulle ɗakin fa? Su suna barcinsu lafiya." Ya ce su ba su tsaya gaban allo sun rubuta ayar da hannunsu ba.

Sakamako ya fito. A ta rubutu yaransa sun yi abin a yaba, a ta aiki kuwa babu ko ɗaya da ya haye. A taron malamai aka ce darasin ya jawo wa makaranta abin kunya, kuma tunda babu ƙwararren malami, a dakatar da shi sai an samu. Kwamfutocin aka ce za a miƙa wa makarantar da take da wuta. Shi kuma aka ba shi ɗakin ajiye tsofaffin fayilolin ɗalibai ya riƙa kula da shi har ya yi ritaya. Babu wanda ya yi masa faɗa. Wasu ma har jajanta masa suka yi, suka ce an zalunci yaransa.

Wata Asabar da hantsi ya sa rigarsa mai kyau ya tafi shagon mahaifiyar Donme. Ɗan ƙaramin shago ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti, keken ɗinki biyu a ciki, ƙyallaye a ƙasa ko'ina. Mahaifiyar ta tashi da sauri ta share masa kujera, ta ce bari ta samo masa ruwa mai sanyi, ta fita. Donme tana kan keke na biyu tana kafa hannun riga. Ta gaishe shi da ladabi, ta ci gaba da jan zare.

"Kwamfutocin nan lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Ni na koya muku ba daidai ba. Ruwa biyu ne, ba aya ba. Kin taɓa tambayata, na ce miki datti ne."

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun a zauren, saura minti bakwai a tashi. Na yi ta gwada alamomi ɗaya bayan ɗaya a inda jan rubutun ya nuna. Tambaya ɗaya na samu na gyara." Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Ta yi aiki kuwa."

"Ba ki gaya wa kowa ba."

"To me zai gyara?"

Ya ce akwai wata malama da ya haɗu da ita, ya karɓi lambarta, makarantarsu tana da komai. In an roƙe ta za ta karɓe ta, ta sake zama baɗi. Shi da kansa zai kai ta. Yarinyar ta saurare shi har ya gama, tana gyara bakin rigar a ƙarƙashin allura.

"Mama idonta ya fara ba ta wahala, ni nake yin na dare-dare ɗin yanzu, masu ƙananan ɗinki. Kuma gaskiya, Malam, abin ya fita raina." Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta. "Ka yi iya ƙoƙarinka. Na gode."

Mahaifiyar ta dawo da ruwan, tana ba shi haƙuri a kan abin da aka yi wa ɗalibansa, tana cewa Allah zai saka musu. Ya dubi Donme, ita kuwa ta taka keken. Ya sha rabin ruwan don kada a ce ya ƙi, ya yi musu sallama.

A tasha bas biyu suka zo suka wuce yana tsaye. Na ukun ne kwandastan ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Baba, tafiya ko tsayuwa?" sannan ya shiga.

Matarsa tana shanya a tsakar gida ya shigo. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta gode."

Ya wuce ɗaki bai cire takalmi ba, ya zauna a bakin gado. Ta gama shanyar, ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Ya ce ta rufe masa, zai ci anjima.